Kafin Wata Uku da Rabi

Duk wanda ya ga ɗana namiji na farko a watanninsa biyu na farko a duniya, ba zai ce akwai abin da ke damunsa ba. Ɓul-ɓul da shi, yana kama nono da ƙarfi, yana barcinsa lafiya. Yayarsa da na haifa kafin shi ma ba ta kai shi cika ido ba. An yi masa allurar BCG ta rigakafin tarin fuka a damtse, an ɗiga masa maganin shan inna a baki kamar kowane jariri, muka koma gida da murnarmu.

Wajen wata na uku wani fari-fari ya fito masa a harshe da dasashi. Aka ba mu magani ya ɗan lafa, muna dainawa ya dawo, har ya gangara maƙogwaro ya hana shi tsotso. Gudawa ta biyo baya, irin wadda ba ta tsayawa. Sai tari. Wurin allurar nan kuwa, maimakon ya warke ya bar ɗan tabo kamar na yayarsa, sai ya koma gyambo yana ruwa, kaluluwa ta fito masa a hammata. Duk ranar awo sai a ce ya ragu. Yaron da nake sauya hannu saboda nauyinsa, ya zama ina ɗaukarsa ba na jin na ɗauki komai.

Ba zan ce likitoci sun yi sakaci ba, abin da ya fi yawa suka fara nema. Jaririn da ke rama, ga farin baki, ga gudawa, ga ciwon huhu, ƙanjamau ne ke fara zuwa ran kowa. Aka ɗibi jinina, aka ɗibi na babansa, aka ɗibi nasa. A kwanakin jiran sakamakon nan ni da maigidana ɗaki ɗaya muke kwana, amma kowa da abin da yake saƙawa a ransa. Sakamako ya fito babu komai. Aka sake, babu. Daga nan aka ce tamowa ce, aka ce tarin fuka ne, aka yi ta sauya magani. Kowanne sai ya yi kamar zai yi aiki, sannan wani ciwon ya ɓullo ta wani wuri.

Yana da wata bakwai, yana kwance da robar iska a hanci, wata likitar yara da ba ta daɗe da fara duba shi ba ta ce in ba ta duk takardun gwajin jinin da aka taɓa yi masa. Ta jera su a kan tebur, ta bi layi ɗaya tak a kowace takarda tana zagaye shi da biro. Layin adadin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira limfosait. Ta nuna mini cewa ma'aunin da aka buga a gefen takardar na manya ne. Babban mutum mai 1,500 a ɗigon da ake aunawa lafiyarsa ƙalau, amma jariri ɗan wata shida ko bakwai ana sa ran nasa ya haura 4,000. Na ɗana bai taɓa kusantar wurin ba tun gwajin farko, kuma da yake bai faɗi ƙasa da ma'aunin manya sosai ba, babu wanda idonsa ya tsaya a kai. Ta ɗaga hoton ƙirjinsa ta nuna mini wani wuri a bayan ƙashin ƙirji inda ya kamata a ga inuwar wani ƙululu mai suna taimos, wanda yake da girma a jikin jarirai. Nasa wayam.

Sai ta juyo ta ce, "Maman yaro, zan tambaye ki wani abu, ki yi tunani kafin ki amsa. A ɗakinku, ko a ɗakin su mahaifiyarki, akwai 'ya'ya maza da suka rasu suna jarirai?"

Ban buƙaci tunani ba. Umma ta haifi maza huɗu, ɗaya ne ya rayu, Yayanmu. Ukun babu wanda ya kai shekara. Mu mata huɗu kuwa ko ciwon kirki ba mu yi ba. Ƙanwar Umma ma ta binne maza biyu. Tun muna yara muke jin ana cewa Umma wabin maza take yi, kuma mun ɗauki maganar kamar yadda ake ɗaukar cewa wance doguwa ce, wance gajeriya. Asibiti nawa na shiga da yaron nan, an tambaye ni abin da yake ci, da ruwan da muke sha, da ko akwai mai tari a gida. Wannan tambayar ce kaɗai ba a taɓa yi mini ba, ni ma ban taɓa zaton tana da alaƙa da abin da ya kawo ni ba.

Aka aika jininsa inda ake ƙirga ƙwayoyin limfosait ɗin kala-kala, domin iri uku ne masu tsaron jiki: T da B da NK. Ƙwayoyin T kusan babu. Ƙwayoyin NK babu. Ƙwayoyin B suna nan da yawa, amma ba sa aikin komai, domin ba sa iya haɗa sinadarin kariya sai da umarnin ƙwayoyin T. Sunan cutar SCID, wato a haifi yaro garkuwar jikinsa ba ta ginu ba ta kowane ɓangare. Na ce mata to ta yaya ya yi wata biyu lafiya lau? Ta ce a watannin ƙarshe na ciki uwa tana zuba wa ɗanta sinadarin kariyarta ta mabiyiya, guzuri ne take yi masa. Yaro mai lafiya kafin guzurin ya ƙare ya fara haɗa nasa. Nawa da guzurin ya ƙare, babu komai a bayansa. Allurar BCG kuma ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Jikin kowane yaro yana murƙushe ta ya koyi darasi, jikin nawa bai iya ba, sai ta bazu ta shiga hanta da saifa.

Maganin shi ne dashen ɓargo. An fara maganar, an fara rubuce-rubucen neman asibitin da zai karɓe shi, amma huhunsa bai jira ba. Allah ya karɓi abinsa yana da wata takwas. Kafin rasuwarsa likitar ta nemi a ƙara ɗibar jininsa a ajiye don gwajin ƙwayoyin gado. Ni dai na ce a ƙyale mini yaro haka, an huda shi ya isa. Babansa ne ya sa hannu. Wannan ɗan jinin shi ya ceci ƙanensa da ba a ma yi cikinsa ba a lokacin.

Bayan watanni aka kira mu. Matsalar tana cikin wata ƙwayar gado mai suna IL2RG, wadda ke kan kuromosom X, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mutum. Ita ce ke ƙera wani ɓangare na abin da ƙwayoyin garkuwa ke karɓar saƙon girma da shi. Idan babu shi, ƙwayoyin T da NK ba sa tasowa sam. Mace tana da X biyu, idan ɗaya ya samu matsala ɗayan ya rufa mata asiri, ta rayu lafiya ba ta san tana ɗauke da komai ba. Namiji X ɗinsa ɗaya ne, kuma daga uwarsa yake samunsa. Saboda haka duk cikin namiji da mace irina ta ɗauka, rabi da rabi ne: ko ya ɗauki mai lafiyar, ko ya ɗauki ɗayan. Duk 'ya mace kuma rabi da rabi ne ta zama mai ɗauke da shi kamar uwarta. Aka gwada ni, ina ɗauke da shi. Akwai wasu nau'o'in SCID da sai uwa da uba duka suna ɗauke da su, waɗannan suna kama mata da maza, kuma sun fi yawa inda ma'aurata suke da dangantakar jini. Akwai kuma yara da yawa da abin ke farawa a kansu, babu wani tarihi a dangi. Namu dai tarihinsa a fili yake.

Na daɗe ina jin cewa da hannuna na ba yaron nan abin da ya kashe shi. Ba magana ce ta hankali ba, na sani, amma dare ba ya jin hankali. Wata rana na faɗa wa maigidana haka, sai ya ce, "Ke ma ba ki aka yi, ba ki roƙa ba. To Umma fa, ita wa za ta kama?" Bai ƙara komai ba, ni ma ban sake faɗa a gabansa ba.

Gaya wa Umma ya fi komai yi mini nauyi. Na zauna na yi mata bayani a hankali, na X biyu da X ɗaya, ina tsoron kada ta ji kamar laifi na kawo mata. Ta yi shiru har na ɗauka ba ta gane ba. Can ta ce, "'Yar nan, kina nufin ba nonona ba ne?" Ashe shekaru sama da talatin tana ɗauke da maganar da aka yi ta jifanta da ita, cewa nononta ne ba ya karɓar 'ya'ya maza. Har ta taɓa hana na ukun nono da kanta don ta tsirar da shi, ya rasu duk da haka. Na ce ba nononki ba ne, Umma, ko kusa. Ta yi kuka irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba, kuma har yau ban san ko na sauƙi ne ko na sabon ciwo ba. Wataƙila duka biyun.

A wannan lokacin ne na zama mai karatun dare. A nan na gamu da labarin David Vetter, yaron da aka haifa a birnin Houston na jihar Teksas a Amurka a 1971. Iyayensa ma sun rasa ɗa namiji kafin shi da wannan cutar, don haka ana haihuwarsa aka sa shi cikin wani tanti na roba da ba ƙwayar cutar da ke shiga. An sa rai za a yi masa dashe da ɓargon yayarsa, sai aka tarar bai dace ba. Ya rayu shekara 12 a cikin robar nan, ba a taɓa shi sai da safar hannu da ke manne a jikinta. A 1983 aka gwada dashen da ɓargon yayar tasa duk da rashin dacewar, ashe akwai wata ƙwayar cuta a ɓoye a ciki wadda gwajin wancan zamani bai gano ba. Ta haifar masa da sankara, ya rasu a Fabrairun 1984. Da masu bincike suka gano ƙwayar gadon da ke jawo cutar a 1993, ƙwayoyin jikinsa da aka adana suna cikin waɗanda aka yi aikin da su. Ke nan takardar sakamakon da ke cikin jakata, da sunan IL2RG a kanta, akwai hannun yaron nan a ciki. Na kan yi masa tunani, na kan yi wa uwarsa tunani fiye da shi.

Na kuma karanta cewa tun 1968 aka fara cin nasarar dashen, a Jami'ar Minesota, a hannun Dakta Robert Good da abokan aikinsa: jariri namiji daga dangin da suka binne maza da yawa, aka ba shi ɓargon yayarsa, ya rayu. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani bincike da aka buga a 2014 a kan jarirai 240 da aka yi wa dashe a Arewacin Amurka tsakanin 2000 da 2009. Waɗanda aka yi wa kafin su wuce wata uku da rabi, kashi 94 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. Waɗanda suka wuce haka kuma suna fama da wata cuta a lokacin dashen, kashi 50 ne kacal. Cutar ɗaya, maganin ɗaya. Lokaci da kamuwa da wata cuta kafin dashen ne suka raba su. Ɗana na farko ko da an kai ga yi masa, a rukuni na biyu yake.

Cikin da ya biyo baya mace ce. Allah ya sani na roƙi mace, kuma da aka gaya mini sai da na yi sujada. Na bayansa kuwa hoto ya nuna namiji. An ce mana ana iya ɗibar ruwan mahaifa a gwada tun yana ciki. Muka duba muka ga ko me gwajin ya nuna shirinmu ɗaya ne, sai muka bar shi. Shirin shi ne a ɗauke shi a matsayin mai cutar tun daga numfashinsa na farko har sai jini ya wanke shi. Muka bar gida tun cikin yana wata takwas, muka koma kusa da asibitin da ke yin dashen, nesa da kowa namu. Abin da hakan ya ci mana na dukiya da na aiki, ba zan shiga lissafinsa ba. Mun sayar da abin da ba mu taɓa zaton za mu sayar ba, 'yan'uwa kuma sun yi abin da ba za mu iya biya ba.

A bangon fayil ɗina an rubuta da manyan baƙaƙe: kada a yi wa jaririn nan BCG, kada a ɗiga masa maganin shan inna, kada a ba shi duk wani rigakafi mai rai. Idan ya buƙaci ƙarin jini, sai wanda aka haska da na'ura aka kashe fararen ƙwayoyinsa, domin ƙwayoyin T na baƙon jini suna iya far wa jikin da ba shi da mai tare su. Ina naƙuda ina maimaita wa ungozoma wannan magana har ta ce, "Hajiya, wallahi mun ji, ki yi nishi kawai." Daga igiyar cibiya aka ɗibi jinin. Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. Irin na yayansa ne sak.

Na yi zaton zan rushe. Ban rushe ba, domin wannan karon akwai abin yi, kuma kowa ya san nasa aikin. Aka sa shi ɗaki shi kaɗai. Wanke hannu har gwiwar hannu, takunkumi, riga ta musamman. Aka fara ba shi sinadarin kariya da ake tacewa daga jinin masu ba da gudummawa, da maganin hana farin baki, daga baya aka ƙara da Septrin don tare irin ciwon huhun da ya tafi da yayansa. Yayyensa mata ta gilashi suke ganinsa, don 'yan makaranta ba sa rabuwa da mura. Ƙaramar ma da lokacin rigakafin shan innarta ya zo, na allura aka yi mata maimakon na ɗigawa, saboda na bakin yana fita a bayan gida ya iya kama na kusa. 'Yan'uwa da suka yi doguwar tafiya don ganin jariri muka tsayar da su a waje. Wasu sun fahimta. Wasu har yau akwai ɗan abin a ransu, ni kuma ban ga laifinsu ba, ban kuma ga nawa ba.

Sai maganar nono. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira CMV, yawancin manya suna ɗauke da ita ba su sani ba, ba ta yi musu komai. Tana bi ta nono. Ga jariri mai lafiya ba abin damuwa ba ce, ga irin nawa tana iya cin huhu da hanta da ido, ta kuma ɓata dashen. An gwada ni tun kafin haihuwa, ina da ita. Saboda haka ɗan nan bai taɓa kama nonona ba ko sau ɗaya. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ni, in shiga banɗaki in tatse in zubar, ina jin kukansa ta bango ana haɗa masa madara. A duk abin da na gani a wannan tafiya, har da ranar dashen, babu abin da ya karya ni kamar wannan. Na rasa yadda zan gaya wa Umma, ni da na rantse mata cewa ba nono ba ne. Da na daure na faɗa mata a waya, na yi ta bayanin cewa wannan daban, wancan daban, sai ta katse ni ta ce, "Na gane. Ke an gaya miki dalili, kuma na ɗan lokaci ne. Ki bi abin da suka ce."

Aka gwada 'yan matan biyu a ga ko ɓargon ɗayarsu zai dace. Ana duba wasu alamomi ne da ake kira HLA, waɗanda kowa ke gadon rabi daga uwa rabi daga uba, shi ya sa tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu. Ƙaramar ba ta dace ba. Babbar ta dace cif. Ina so mai karatu ya sani cewa ko da ba ta dace ba, ba a nan hanya ta ƙare ba. Ana yin dashe da na uwa ko na uba, wanda rabi ne ya dace, bayan an tace shi. Ana yi da na baƙo da aka samu a rajistar masu bayarwa. Akwai kuma gyaran ƙwayar gadon kanta, inda ake ɗibar ɓargon yaron a saka masa lafiyayyar ƙwayar a mayar masa. An fara ganin nasararsa a birnin Paris na Faransa a 2000, sai dai wasu daga cikin yaran farko sun kamu da sankarar jini, aka koma aka sake fasalin hanyar. A 2019 asibitin St. Jude da ke Amurka ya buga sakamako mai kyau a kan jarirai takwas da sabuwar hanyar. Amma dacewar ɗan'uwa na jini ita ce ta fi kowacce, a binciken nan na 2014 kashi 97 ne suka rayu.

Babbar tana da shekara tara a lokacin. Ta san yayan wannan jaririn, ta tuna shi, ta tuna ranar da muka dawo gida babu shi. Likitoci suka zaunar da ita su kaɗai, ba mu a wurin, suka yi mata bayani da zane. Ni dai a raina na san yarinyar da ta ga uwarta a halin da ta gan ni ba za ta iya cewa a'a ba, ko da an ce mata tana da zaɓi. Wannan abu yana damuna har yanzu, kuma ban yarda da masu cewa ai ba komai ba ne. Abin da ta tambaye ni da daddare shi ne, "Mama, in an ɗiba nawa zai ƙare?" Na ce ba zai ƙare ba, cikin 'yan makonni zai mayar da kansa. Ta ce to shi ke nan.

An sa ta barci, aka zuƙi ɓargon da allura daga ƙashin ƙugunta ta baya. Ta farka tana ƙorafin ciwon baya da yunwa. Shi kuma bai cika wata biyu ba, bai taɓa ko mura ba. Da yake ɓargon ya dace sosai, kuma jikinsa ba shi da ƙwayoyin da za su ƙi baƙo, ba a ba shi magungunan nan masu ƙarfi da ake share ɓargo da su kafin dashe ba. Dashen kansa ba tiyata ba ce. Wata 'yar jaka ce mai jan abu kamar jini, aka rataye, ta bi ta siririn bututu ta shiga jijiyarsa yana barci. Na tsaya ina kallo ina cewa a raina, wai shi ke nan?

Wahalar tana cikin jira. Ana tsoron kada ƙwayoyin yayar su ɗauki jikinsa a matsayin abokin gaba su far masa, abin da ke fitowa a fata da hanji da hanta. Ƙuraje sun feso masa a tafin hannu da wuya, aka ba shi magani suka kwanta. Duk gwaji idona yana kan layin nan da likitar farko ta koya mini dubawa. Ya ɗan motsa, ya tsaya, ya sake motsawa. Wajen wata huɗu bayan dashen aka fara ganin sababbin ƙwayoyin T waɗanda suka girma a cikin taimos ɗinsa shi kansa, ƙululun da aka ce babu, ashe yana nan a ƙanƙance yana jiran abin da zai raina. Da aka duba asalinsu sai aka ga X biyu gare su. Har yau ƙwayoyin T da ke yawo a jikin ɗana na mace ne, kuma yayarsa ba ta barin ya manta da haka in sun yi faɗa.

Yanzu yana makarantar firamare. Yana mura ya warke kamar kowa, yana faɗuwa ya kurje gwiwa. Ban ce ya rabu da asibiti ba: ƙwayoyin B ɗinsa nasa ne na asali, ba su koyi aiki sosai ba, saboda haka duk bayan mako uku zuwa huɗu ana ƙara masa sinadarin kariya. Kuma dashen bai canja abin da zai gadar ba. In Allah ya ba shi 'ya'ya, mazan ba abin da zai same su ta wannan hanya, matan kuwa dukansu za su ɗauka kamar ni. Zan gaya masa idan ya isa ji.

Akwai wata magana da nake tsoron a ɗauka daga labarina, don an taɓa ɗauka a gabana. Wata ta ji abin da BCG ta yi wa ɗana na farko, ta ce ai shi ya sa ita ba ta yarda da allura. Raina ya ɓaci ƙwarai. A Amurka, inda aka ƙirga da kyau, jariri ɗaya ne cikin kimanin 58,000 ake haifa da wannan cutar. Tarin fuka da ƙyanda kuwa ba sa ƙirga dubbai kafin su ɗauki yaro. Ɗana na biyu ya rayu watannin da ba shi da garkuwa ne saboda yaran da ke kewaye da mu an yi musu rigakafi, ba su kawo mana ƙyanda ƙofa ba. Wanda ya kamata ya dakata da rigakafi mai rai shi ne jaririn da aka san an yi ta rasa jarirai a danginsa ba a san dalili ba, shi ma dakatawa ce ta 'yan kwanaki har a duba jininsa. A wasu ƙasashe ba a ma jiran tarihin dangi: ana ɗibar ɗigon jini a diddigen kowane jariri a yi gwajin da ake kira TREC, wanda ke nuna ko taimos yana fitar da sababbin ƙwayoyin T. Jihar Wiskonsin ce ta fara a 2008, zuwa ƙarshen 2018 duk jihohin Amurka suna yi. Inda babu wannan, gwajin ƙirga ƙwayoyin jini na yau da kullum yana nan kusan ko'ina, in dai mai karantawa ya auna shi da ma'aunin jarirai.

'Yan matana biyu ba mu gwada su ba tukuna. Likitoci sun ce a bari su girma su nema da kansu, kafin maganar aure ta taso. 'Yan'uwana mata uku kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya da kwafin takardata. Yayata ta gwada, ba ta da shi. Mai bi mini ta gwada, tana da shi, ta haifi namiji bayan haka, aka duba jinin cibiyarsa aka tarar ya ɗauki mai lafiyar. Autarmu ta ƙi. Ta ce, "Yaya, ni ba na son sanin abin da zai hana ni barci alhali ba zan iya canja shi ba." Na ce za ki iya canja abin da zai biyo baya, ga ɗana nan yana yawo a gabanki. Mun yi ta kai ruwa rana a kan haka, har muka yi kwanaki ba ma waya. Yanzu tana da ciki, kuma hoto ya nuna namiji. Har gobe ba ta yarda a gwada ta ba. Abin da ta amince da shi guda ɗaya ne, ita da mijinta, kuma an rubuta shi a katinta na awo: ranar haihuwa za a ɗibi jinin cibiya a ƙirga, ba za a yi wa yaron BCG ba sai sakamako ya fito. A nan muka tsaya da ita.